Muhammadu al-Kashinawi: malamin Katsina da ya rayu tsakanin lissafi, hatimi da shari'a

Yaron Bahaushe da ke karatun sakandare a Gadarif, a gabashin Sudan, yana cin karo da kalma ɗaya mai fuska biyu. A aji, inda ake koyarwa da Larabci, "kimiya" darasi guda ne, na sinadarai da yadda suke haɗuwa. Idan ya koma gida ya kunna rediyon Hausa, sai ya ji "kimiyya" ta haɗiye komai, daga likitanci zuwa binciken sararin sama. A tsofaffin littattafan Larabci kuwa kalmar tana da ma'ana ta uku, wadda ta girme waɗannan biyun: sana'ar juya darma ko jan ƙarfe su koma zinariya, wato alkimiyya. Sunan da Hausa ta raɗa wa ilimin zamani gado ne daga wani ilimi da yau ake lissafa shi cikin tsibbu ko damfara.

Hausawan Gadarif, manoman dawa da riɗi, da yawansu jikokin mahajjata ne da suka taso daga yamma a ƙafa, suka yada zango don neman guzuri, zangon ya zama gida. Sun zo da allo da tawada, kuma malaman da suka fito daga yamma sun daɗe da yin suna a Sudan wajen laya da rubutun sha, wanda mutanen ƙasar ke kira mihaya. Don haka ba abin mamaki ba ne a sami gida ɗaya inda tsoho ke zana hatimi a allo, jikansa na fama da lissafin makaranta, wani ɗan gidan kuma na cewa abin da tsohon ke yi shirka ce. Ana ɗaukar wannan saɓani kamar sabon abu ne da boko da wa'azin zamani suka kawo. Alhali kusan shekara 300 da suka wuce an yi wani malami daga ƙasar Katsina wanda ya ɗauki ukun duka a kansa, ya kuma san nauyin kowanne.

Daga Katsina zuwa gidan Jabarti

Sunansa Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Kashinawi. Mafi yawan abin da aka sani game da shi ya fito ne daga littafin tarihin Masar na Abdurrahman al-Jabarti, Aja'ibul Asar. Jabarti bai riske shi ba, domin an haife shi fiye da shekara goma bayan rasuwar malamin, amma a gidan mahaifinsa malamin ya cika, kuma a nan littattafansa suka saura.

Jabarti ya ƙara masa nasaba da Ɗan Ranko, wani tsohon gari na ƙasar Katsina. Ƙasar a lokacin tana cikin manyan wuraren karatu na Afirka ta Yamma, wadda ta riga ta fitar da irin su Ɗan Marina da Ɗan Masani. Daga cikin malamansa akwai Muhammadu al-Wali na Bagarmi, da Muhammadu Fodu wanda ya lazimta kimanin shekara huɗu a gida da tafiya, yana karanta sarfu da nahawu. Malamin nan ya fara yi masa laƙabi da mai Muƙamatu saboda yadda ya haddace su, daga baya ya koma kiransa Sibawaihi, sunan babban limamin nahawun Larabci. Wajen wani malamin kuma, Muhammadu Bindu, ya ɗauki hisabi da ilimin lokutan salla da ilimin haruffa da aufaƙi, wato hatimai, bisa tsarin mutanen Magrib.

Wannan jeri ya cancanci a tsaya a kansa. Malami ɗaya ne, a zaure ɗaya, ya koyar da yadda ake gane shigar azahar daga tsawon inuwa da kuma yadda ake cika gidajen hatimi. Ɗalibin bai ga wata katanga tsakanin darussan biyu ba, domin dukkansu da lambobi ake yin su, kuma wanda bai iya tarawa da rabawa ba ba zai iya ko ɗaya ba.

Da ya kama hanyar gabas ya ratsa ƙasashe yana saduwa da sarakuna da malamai. A wani zango ya yi wata biyar yana koyon bugun ƙasa da wasu littattafan hisabi. Ya yi aikin hajji a shekara ta 1142 bayan Hijira, daidai da 1730, ya zauna a Makka na wani lokaci, sannan ya wuce Alƙahira. A cikin shekaru kaɗan ya gama manyan littattafansa biyu: Bahjatul Afaƙ a kan haruffa da aufaƙi a 1145, da Durrul Manzum a kan ɗalasimai da taurari, wanda ya fara a Makka ya kammala a Masar a watan Rajab na 1146. Yana da waƙe a manɗiƙi tare da dogon sharhinsa, da littafi a nahawu. Ya rasu a 1154, wato wajen 1741, a gidan Shaihu Hasan al-Jabarti, wanda ya naɗa wasiyyi a kan dukiyarsa da littattafansa. Hasan ya binne shi a maƙabartar malamai ta Mujawirin, ya sa aka rubuta sunansa a kan kabarin.

Hasan al-Jabarti ba ƙaramin mutum ba ne. Malamin fiƙihun Hanafiyya ne, masanin falaki, mai zana agogon rana a masallatai, wanda ya tsaya a kan gyaran ma'aunan kasuwannin Alƙahira da suka lalace. Irin wannan mutum ne ya durƙusa gaban baƙo daga ƙasar Hausa yana koyon aufaƙi.

Abin da ke cikin gida tara

Hatimi mafi sauƙi yana da gida tara, uku a tsaye uku a kwance. Layin sama 4, 9, 2. Na tsakiya 3, 5, 7. Na ƙasa 8, 1, 6. Duk ta inda aka tara, a kwance ko a tsaye ko daga kusurwa zuwa kusurwa, 15 za a samu.

Ba a sa 5 a tsakiya don ado ba, dole ce ta zaunar da ita a can, kuma ana iya nuna dalilin. Layi huɗu ne ke ratsa gidan tsakiya, kowanne 15, jimla 60. Waɗannan layuka huɗu sun taɓa kowane gida sau ɗaya, ban da na tsakiya da suka taɓa sau huɗu. Lambobi daga 1 zuwa 9 jimlarsu 45. Rarar 15 da ta saura ita ce lambar tsakiya sau uku, ke nan 5. Wannan hujja ce da ba ta bukatar izinin kowa. Musulmi da Kirista da wanda ba ya addini, in dai sun iya ƙirga, wuri ɗaya za su tsaya.

Idan gidajen suka yi yawa, cankar ido ba ta isa. Hatimi mai gida 25 kowane layinsa 65 ne, mai gida 49 kuma 175, mai gida 121 ya kai 671. Malaman aufaƙi sun samo ƙa'idojin tafiya: a ajiye 1 a wani gida sananne, a yi ta tsallake da taki iri ɗaya, wani lokaci irin tsallen doki a wasan shaɗaranji, idan aka fita ta gefe a shigo ta gefen da ke fuskantarsa, idan aka tarar gida a cike a yi wani taki na daban. Da ƙa'ida guda ana cika babban hatimi ba tare da gwaji da gogewa ba. Irin waɗannan hanyoyi na hatimai masu mara, wato masu layi uku ko biyar ko bakwai, su ne al-Kashinawi ya tattara ya bayyana, kuma su ne suka sa masana tarihin lissafi suke ambatonsa.

A nan akwai gyara ga abin da ake yawan yaɗawa a kafafen sada zumunta. Ba shi ya ƙirƙiro fannin ba. Abul Wafa al-Buzjani, wanda ya rasu a Bagadaza a 998, ya rubuta littafi a kan aufaƙi a matsayin lissafi zalla, kuma risalolin Ikhwanus Safa na ƙarni na 10 sun kawo hatimai daga mai layi uku zuwa mai layi tara. Darajar al-Kashinawi tana wani wuri: ya mallaki fannin a ƙasarsu kafin ya taka Masar, har ya zama shi ke koyarwa a birnin Azhar. Wannan shaida ce a kan zurfin karatun Katsina da Barno da Bagarmi na wancan zamani, kuma ta isa abin alfahari ba sai an yi mata ƙari ba.

To amma ba don nishaɗi ake cika gidajen ba. Kowane harafin Larabci yana da lamba a lissafin abajada. Alif 1, lam 30, ha 5, don haka sunan Allah ya zama 66. Mai son hatimin da kowane layinsa zai ba da 66 sai ya cire 12, ya raba saura gida uku, ya sami 18, ya fara daga nan: 21, 26, 19 a sama, 20, 22, 24 a tsakiya, 25, 18, 23 a ƙasa. Lissafin daidai yake, kowa na iya tarawa ya gani. Abin da ake ɗorawa a kansa shi ne wani mataki na daban, wato imanin cewa sunan da aka shimfiɗa a gidajen nan daidai wa daida, a sa'ar da ta dace da tauraron da ya dace, zai yi tasiri a kan jiki ko zuciya ko dukiya.

A nan ne kuma aufaƙi suka haɗa jini da alkimiyya. Littattafan da ake jingina wa Jabir ɗan Hayyan, uban alkimiyyar Musulmi, suna cikin wuraren farko da hatimi mai gida tara ya bayyana a Larabci, a matsayin maganin sauƙin naƙuda. Jabir yana da ra'ayin cewa ana iya auna zafi da sanyi da laima da bushewar kowane ƙarfe ta hanyar haruffan sunansa, kuma wanda ya san ma'aunin zai iya ragewa da ƙarawa har darma ta koma zinariya. Mai murhu da mai alƙalami abu ɗaya suke nema, wani ɓoyayyen ma'auni da Allah ya gina halitta a kansa. Shi ya sa ake ambaton kimiya da simiya, ilimin asirin haruffa, a matsayin 'yan uwa. Malaman Farisa na baya sun jera irin waɗannan fannoni biyar, kimiya da limiya da himiya da simiya da rimiya, suka lura cewa haruffansu na farko idan aka haɗa suna ba da jimlar Larabci mai ma'anar dukkansa sirri ne.

Gargaɗin da aka yi masa

Shari'a ba ta taɓa sakin jiki da wannan sirri ba, kuma al-Kashinawi ya sani. A gabatarwar Durrul Manzum ya faɗi cewa an yi masa nasiha idan ya isa ƙasashen gabas, musamman Makka da Madina, kada ya bari kowa ya san yana da hannu a ilimin haruffa da bugun ƙasa, saboda yadda ake amfani da su wajen ɓarna da haddasa fitina tsakanin mutane. Duk da haka a Makkan ya fara rubuta littafin. Kuma tushen da ya ɗora shi a kai shi ne Sirrul Maktum, littafin taurari da ɗalasimai da ake jingina wa Fakhruddin ar-Razi, mai babban tafsiri, wanda ya rasu a 1210.

Wannan littafi na Razi ya daɗe yana raba kan malamai. Ibn Taimiyya ya yi masa kakkausar suka, az-Zahabi ya kira shi sihiri ƙarara, as-Subki kuwa ya kare Razi yana shakkar ma ko shi ya rubuta. Ibn Khaldun, wanda ya rasu a Alƙahira a 1406, ya ware babi ga simiya a Muƙaddima ya ce sihiri ce da ta sa rigar sufanci, ya ware wani ga alkimiyya ya ce ba ta taɓa wadata kowa ba, ya kuma bambanta wanda ya ruɗi kansa da wanda ke shafa wa jan ƙarfe ruwan azurfa ya cuci mutane. Tun kafin shi Ibn Sina ya ce mai murhu zai iya canza launin ƙarfe amma ba zai canza asalinsa ba.

A ɗaya gefen ma akwai manya. Imam Gazali ya kawo hatimin nan mai gida tara a cikin Munƙizu minad Dalal, ya bayyana yadda ake rubuta shi a ƙyalle ga mace mai wahalar haihuwa, ya kafa hujja da shi cewa wanda ya yarda lambobi na da wata keɓantacciyar fa'ida da hankali bai gano dalilinta ba, bai kamata ya yi mamakin hikimar adadin raka'o'in salla ba. Daga nan ne hatimin ya sami sunan Gazali. Ahmad al-Buni na ƙarni na 13, wanda ake jingina wa Shamsul Ma'arif, ya ɗauki aikin haruffa a matsayin wani nau'in zikiri da sunayen Allah.

Don haka rigimar da ke cikin rayuwar al-Kashinawi ba irin wadda ake zato yau ba ce, ta addini da kimiyya. Ba wani malami da ya hana shi tarawa da rabawa, ko auna inuwa don sanin la'asar. Iyakar da ake jayayya a kanta ita ce inda neman asirin halitta ke ƙarewa, neman sanin gaibu da juya mutane ke farawa. Maganin da ya samo wa kansa shi ne irin na magabata: a rubuta, amma a tsare. A rubutunsa na aufaƙi ya umarci ɗalibi da ya yi aiki a ɓoye, domin a ganinsa haruffa amanar Allah ce da ba a watsa ta ga kowa.

A ƙasar da ya baro ma igiyar ta ƙara tsauri bayansa. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a 1754, ya lissafa masu da'awar sanin gaibu ta bugun ƙasa ko duban taurari cikin waɗanda suka fita daga hanya a littafinsa Nurul Albab. Amma jikan Shehun ta wajen 'yarsa Hadiza, Abdulƙadir ɗan Tafa na Salame, wanda ya rayu daga 1804 zuwa 1864, ya zurfafa a falsafa da ilimin mutanen da, sannan ya rubuta alkawarin da ya ɗaukar wa kansa cewa ba zai kira kowa zuwa ga abin da ya samu daga gare su ba, don tsoron kada wani ya ɓata.

Wani mai ɓoyo a Ingila

Shekara uku kafin hajjin al-Kashinawi, a watan Maris na 1727, Isaac Newton ya mutu a Landan. Duniya ta san shi da littafin Principia na 1687, wanda ya nuna cewa ƙarfin da ke jawo ɗan itace ƙasa shi ne ke riƙe da wata a hanyarsa, da kuma bincikensa a kan haske. Abin da ba a sani ba sai daga baya shi ne ya bar rubutu mai kalmomi kusan miliyan ɗaya a kan alkimiyya, da wanda ya fi haka yawa a kan addini da annabce-annabcen Baibul. Ya yi shekaru kusan talatin yana hura murhu a Cambridge, yana narka ƙarafa, yana kwafe littattafan masu neman dutsen da ke juya ƙarfe zinariya. Har ya fassara zuwa Ingilishi ɗan gajeren nassin nan da ake kira Allon Zumurrudu, wanda mafi tsufan kwafinsa da aka sani na Larabci ne.

Sirrinsa biyu ne. Na farko aƙida. Bayan ya bi diddigin tsofaffin nassoshi, Newton ya daina yarda da Allah uku cikin ɗaya, ya ɗauka cewa an cusa aƙidar ne cikin Kiristanci daga baya. A Ingila ta lokacin wannan ra'ayi na iya raba mutum da aikinsa da mutuncinsa, kuma kwalejin da yake ciki sunanta ma Trinity. Dokar kwalejin ta wajabta masa zama limamin coci, sai a 1675 aka samu sassauci daga Sarki Charles na Biyu ya tsira ba tare da ya yi rantsuwa a kan abin da bai yarda da shi ba. Ya riƙe bakinsa har ƙarshe, sai dai a gadon mutuwa ya ƙi karɓar jibin cocin.

Na biyu murhun. Tun 1404 dokar Ingila ta haramta ƙoƙarin ninka zinariya da azurfa, ba a soke ta ba sai 1689. A 1676, da Robert Boyle ya wallafa labarin wata zaiba da ke ɗaukar zafi idan an haɗa ta da zinariya, Newton ya rubuta wasiƙa yana ba da shawarar a yi shiru a kan irin wannan, don tsoron cutar da zai jawo wa duniya idan ya faɗa hannun da bai dace ba. Dalili iri ɗaya ne da wanda aka ba al-Kashinawi a kan hanyarsa ta Makka. Abin dariya kuma, mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana neman haɗa zinariya shi aka ɗora a kan gidan buga kuɗin Ingila a 1696, ya zama dodon masu jabun kuɗi, har ya kai William Chaloner ga igiyar rataya a 1699.

Murhun ya ci jikinsa. A 1693 ya shiga wani hali na rashin barci da zargin abokansa, kuma gwajin da aka yi wa gashin da ake jingina masa a 1979 ya nuna zaiba mai yawa, abin da ya sa wasu ke danganta ciwon da ita. Wannan zaiba ba baƙuwa ba ce a gabashin Sudan. Da ita masu haƙar zinariya na gargajiya ke kama ƙurar zinariya, har da na yankin Butana, sannan su ƙone ta su shaƙi hayaƙin. Ba ta haifar da zinariya, tana tattara wadda ke nan ne, kuma tana lalata jijiya da ƙoda.

A idon Newton, taurari da nassi da tukunyar narka ƙarfe duka hanyoyi ne na karanta aikin Mahalicci ɗaya. Wasu masana tarihi ma suna ganin sabawarsa da ɓoyayyun ƙarfafa na alkimiyya ce ta ba shi ƙarfin halin yarda cewa rana na iya jan duniya ba tare da wani abu ya haɗa su ba, ra'ayin da Leibniz ya soka a matsayin komawa ga camfi. Wasu masanan suna musun wannan alaƙa.

Inda hanyoyin suka rabu

Bambancin da ya bayyana daga baya yana ga abin da kowane sashe na aikinsu ya yarda a yi masa. Newton ya fitar da lissafinsa fili, abokan hamayya suka yi ta tone shi, Edmond Halley ya yi amfani da shi ya ce wani tauraro mai wutsiya zai dawo wajen 1758, kuma ya dawo bayan su biyun sun mutu. Alkimiyyarsa kuwa ta zauna a akwati, cikin kalmomin ramzi irin su koren zaki da dodo, inda idan gwaji ya ƙi sai a ce mai gwajin ne bai fahimci ramzin ba.

Haka abin yake ga hatimi. Cewa kowane layi 66 ne ana tabbatar da shi cikin minti ɗaya. Cewa zai sauƙaƙa naƙuda kuwa, idan aka haihu lafiya an gode wa hatimi, idan aka sha wuya an ce ba a dace da sa'a ba ko tsarki bai cika ba. Da'awar da ba ta da hanyar faɗuwa ba ta da hanyar gyaruwa, kuma macen da jini ya ɓalle mata ba ta da lokacin jiran a sake duba sa'a.

Akwai ma wata matsala da mutum irin al-Kashinawi, wanda ya koyi fannin a tsarin Magrib ya koyar da shi a Masar, ya tsaya a tsakiyarta. Abajadar yamma da ta gabas sun saɓa a haruffa shida. Sin a gabas 60 ce, a Magrib da ƙasar Hausa 300. Shin a gabas 300, a yamma 1000. Kalmar Salam a lissafin Alƙahira 131 ce, a na Katsina 371. Suna ɗaya, hatimi biyu daban, kowanne kuma lissafinsa daidai. Lambar ta fito ne daga yadda mutane suka jera haruffansu.

Bayan mutuwarsu an yi wa kowannensu rabon gado irin na son rai. Wanda aka sa ya duba takardun Newton a 1727 ya rubuta a kan da yawansu cewa ba su dace a buga ba. A ƙarni na 19 Jami'ar Cambridge ta karɓi na lissafi da kimiyya ta mayar wa iyalin sauran. Sai a watan Yuli na 1936 aka yi gwanjonsu a Sotheby's a Landan, masanin tattalin arziki John Maynard Keynes ya sayi da yawa daga cikin na alkimiyya, Abraham Yahuda ya sayi na addini, waɗanda yanzu suke birnin Ƙudus. Da Keynes ya karanta nasa rabon sai ya ce mutumin nan ya fi kama da na ƙarshen masu sihiri a kan na farkon zamanin hankali.

Shi ma al-Kashinawi an raba shi biyu. Durrul Manzum an buga shi a Alƙahira a ƙarni na 20, ya shiga hannun masu neman asiri, waɗanda ba su cika damuwa da dalilin da ya sa 5 ke tsakiya ba. Rubutunsa na aufaƙi kuma, wanda akwai kwafinsa na hannu a ɗakin karatun SOAS a Landan, ya shiga hannun masana. Hassan Ibrahim Gwarzo ya yi rubutu a kansa a 1967, Claudia Zaslavsky ta gabatar da shi ga masu karatun Ingilishi a littafinta Africa Counts na 1973, Jacques Sesiano na Lausanne ya yi nazarin hanyoyinsa da Faransanci. Daga nan ya shiga jerin manyan masana lissafi na Afirka, inda galibi ake ambaton gidajen a tsallake abin da aka zana su dominsa.

Littattafan da ya bari kuwa sun zauna a gidan Jabarti, inda Abdurrahman ya tashi. A 1798 sojojin Napoleon suka shiga Alƙahira tare da tawagar masana, cikinsu har da Claude Berthollet, abokin aikin Lavoisier wanda littafinsa na 1789 ya kafa sabon ilimin sinadarai a kan awo da sikeli. Abdurrahman al-Jabarti ya ziyarci ɗakin gwajinsu, ya rubuta abin da ya gani: an zuba wani ruwa a kan wani, hayaƙi mai launi ya tashi, abin da ke cikin kwalbar ya daskare kamar dutse, aka miƙa wa baƙi suka taɓa. An bugi ɗan farin gari da guduma ya yi ƙara kamar bindiga, malaman suka firgita, Faransawan suka yi dariya. An kuma sa mutane sun riƙe hannun juna, aka sakar musu lantarki, jikinsu ya girgiza gaba ɗaya a lokaci guda.